Rabon tasha a netwok ɗin waya: GA, SA, tabu ko ILP, wacce za ka ɗauka?

Duk sanda lokacin ɗaukar furojet ya zagayo a Samaru ta Zariya sai ka ga 'yan ajin ƙarshe na injiniyan sadarwa da masu mastas sun yi caa a kan abu ɗaya, rabon tasha a netwok ɗin salula, wato a yanke wane yankin firikwensi kowane rediyon da ke kan ƙarfen sabis zai yi aiki da shi, kuma kusan kowa GA ce a bakinshi, wato genetic algorithm, dabarar da take kwaikwayon gado da haihuwa, in ka tambaye shi dalili ya ce ai wanda ya gabace shi ma da ita ya yi kuma ya wuce lafiya. To ƙannena wannan ba dalili ba ne. Dabarun nan kowacce da inda take ci da inda take faɗuwa, ni dai a ganina ga mafi yawanku a fara da wata dabara mai suna DSATUR a ɗora wata mai suna tabu a kai ya fi GA nesa ba kusa ba, amma bari in baje maganar kowa ya auna da kanshi.

Firikwensi kaya ne mai tsada kuma ba ya haihuwa. A Janairun 2001 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM farashin guda ɗaya a dala miliyan 285 ya tsaya, abin da ke cikinshi kuma 5 MHz ne a zangon 900 da 15 MHz a zangon 1800. Faɗin tashar GSM ɗaya 200 kHz ne, kenan 5 MHz ɗin nan tasha 25 ce kacal, in aka bar ɗaya a gefe don kar a shiga gonar maƙwabci ta koma 24. Kowace tasha gurbi 8 gare ta, kowane gurbi kira ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ka buga 24 sau 8 ka ga 192, wanda ko 'yan kasuwar Sabon Gari kaɗai ba zai ɗauka ba da hantsi balle garin gaba ɗaya. Shi ya sa dole tashar da ƙarfen sabis na Kwangila yake aiki da ita a sake amfani da ita a wani wurin, ko Shika ko can cikin birni, matsalar kawai in wuraren biyu sun yi kusa sai katsalandan ya shigo, murya ta dinga kakkatsewa, kira ya yanke. GSM tana son siginar da kake so ta ɗara ta mai katsalandan a tasha ɗaya da aƙalla 9 dB, dB ɗin nan awon ƙarfin sigina ne. Sannan ga ƙa'idar tazara, galibi rediyoyi biyu a sel ɗaya, wato yankin da fuska ɗaya ta ƙarfen sabis take ba sigina, ana raba su da tasha 3, waɗanda ke kan ƙarfe ɗaya amma fuska daban a raba su da 2.

A littafi abin da sauƙi, a zana maka gidajen zuma masu kusurwa shida, a ce rukuni na sel 7, tazarar maimaita tasha ta zama kusan ninki 4.6 na nisan tsakiyar sel zuwa bakinta, shikenan. A ƙasa kuwa ba haka ba ne, ga dutsen Kufena yana tare sigina ta wani ɓangaren, ga lungunan cikin ganuwa da gidaje a cunkushe, ga kuma fili ta wajen gari inda sigina take tafiya fiye da inda aka aike ta. Don haka tun 1980 da William Hale ya tsara abin a matsayin shafa launi a giraf kowa ya bi wannan hanyar, kowane rediyo ɗigo ne, duk biyun da za su dami juna a ja zare tsakaninsu, tasha kuma ita ce launi. Daidai yake da jadawalin jarrabawa, kwas biyu da ɗalibi ɗaya yake ɗauka ba a sa su awa ɗaya, kuma awowin a ƙirge suke. Tun 1972 Karp ya sa shafa launin giraf cikin matsalolin da har yau ba a san hanyar warware su da sauri ba in sun girma. Ka ɗauka misali kana da ƙarfe 30, kowanne fuska 3, kowace fuska rediyo 2, rediyo 180 kenan, da tasha 24. Yawan tsarin da zai yiwu 24 ne a ninka shi da kanshi sau 180, lamba mai sifili wajen 248. Ba kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ma ka zo kan GA ko SA, wato simulated annealing da za mu gani a gaba, akwai zaɓi biyu da mutane ke tsallakewa kuma su ne suke kayar da su ranar kare furojet.

Na farko, rabon zai zama na dindindin ne ko mai canzawa. Na dindindin, FCA, kowace sel an yanka mata tashoshinta, in sun cika sai kira ya ƙi shiga ko da maƙwabciyarta tana zaune ba kowa. Mai canzawa, DCA, tashoshi duk suna tukunya ɗaya, duk sel da ta buƙata a ba ta wadda ba za ta dami kowa ba a lokacin, kira ya ƙare a mayar. Amfanin wannan a lissafin Erlang B kake ganinshi, Erlang ɗaya kaman layi ɗaya ne da kira bai taɓa yankewa a kanshi, in ka yarda kira 2 cikin 100 ya ƙi shiga, gurbi 7 yana ɗaukar kusan Erlang 2.9 ne, amma gurbi 14 yana ɗaukar 8.2, ka ga an ninka gurbi sau biyu kaya kuma ya kusa ninkuwa uku, wato haɗa tukunya riba ce. Kuma garinmu irin garin da DCA take so ne a takarda, Samaru da Kongo in ana karatu daban in an tafi hutu daban, kasuwa ta cika da rana ta watse da magariba, ranar hawan sallah kuma jama'a duk su tattaru wajen fada. Sai dai abin da binciken da aka yi ta yi tun shekarun 1970 ya nuna shi ne DCA tana cin FCA ne in kaya bai yi nauyi ba ko kuma ya karkata gefe ɗaya, in ko'ina ya cika maƙil FCA mai kyakkyawan tsari takan dawo gaba, saboda DCA tana raba tasha yadda kira ya faɗo ne, sai tazarar maimaitawa ta buɗe fiye da yadda ake buƙata a yi asarar wuri. Ga kuma nauyin sigina da lissafi da take ɗorawa netwok. Akwai na tsakiya, a ajiye wasu tashoshi na dindindin wasu a tukunya, ko a bar sel ta ari tasha wajen maƙwabciya, amma aro yana zuwa da kulle, tashar da aka ara sai an hana wasu sel na kusa taɓa ta har a dawo da ita. In ka zaɓi DCA ka sani simuleshan za ka rubuta na kira masu shigowa da fita, abin da za ka auna shi ne kira nawa aka hana da nawa suka yanke, ba maganar GA mai ɗaukar minti goma a nan tunda amsa ake so kafin mai kira ya gaji.

Na biyu, me kake ragewa. Akwai masu neman mafi ƙarancin faɗin firikwensi da zai ishi kowa ba tare da an karya ƙa'ida ko ɗaya ba, akwai masu cewa faɗin a yanke yake, ga tasha 24, ka rage jimillar katsalandan iya iyawarka. Misalan gwaji da ake kira na Philadelphia, da ɗalibai suke so, masu sel 21, irin na farko ne, a shahararren cikinsu ana neman tasha 481 gaba ɗaya, sel mafi cunkoso tana son 77, da tazarar 5 tsakanin tashoshin sel ɗaya, kenan 76 sau 5 a ƙara 1, ba za ka taɓa sauka ƙasa da 381 ba ko wace dabara ka kawo. Yana da kyau don koyo. Amma kamfani ba ya wayar gari ya ce bari in rage abin da na saya, abin da ke hannunshi shi ke hannunshi, don haka na biyun shi ne aikin gaske, kuma misalan COST 259 da aka ɗebo daga netwok ɗin GSM na ainihi a Turai su suka fi kama da shi.

To yanzu dabarun.

DSATUR, ta Brélaz ce ta 1979, kuma ita ce mafi arha. Kullum tana ɗaukar ɗigon da maƙwabtanshi suka riga suka cinye launuka mafi yawa ta ba shi launi na farko da ya samu, a tafi na gaba, ba ta waiwaye. A ƙiftawar ido ta gama ko a tsohuwar laftof, kuma tana nan a shirye cikin laburaren NetworkX in Python kake yi, sai dai waccan launi zalla ta sani, maganar tazarar 2 da 3 sai ka rubuta da hannunka, layuka kaɗan ne. Aibinta shi ne kuskuren da ta yi da wuri da shi za ta ƙare. Ba za ka gina furojet a kanta ita kaɗai ba, amma duk wanda ya kawo sabuwar dabara bai gwada ta da DSATUR ba to bai nuna komai ba, don wallahi akwai GA da ake rubutawa da in an gwada su DSATUR za ta ba su kunya.

ILP, wato integer linear programming, ita ce ta masu son gaskiya tsantsa. Kowane rediyo da kowace tasha a ba su canji ɗaya, wato variable, mai 0 ko 1, a misalinmu 180 sau 24, guda 4320 kenan, a rubuta ƙa'idoji a miƙa wa manhajar warware lissafi irin CPLEX ko Gurobi, ko na kyauta irin CBC da OR-Tools. Abin da take da shi wanda sauran duk ba su da shi, in ta gama za ta ce maka wannan ne mafi kyau ba wani, in ma ba ta gama ba za ta ba ka iyaka ta ƙasa, ka san tsarinka bai fi kaza nisa da mafi kyau ba. Matsalarta girma. Katsalandan tsakanin rediyo biyu ninkin canji biyu ne, sai an ƙaro wasu canje-canjen an miƙar da shi, lissafin ya kumbura, ga kuma tsare-tsare da yawa da suke abu ɗaya ne an sauya musu lamba kawai, injin ya yi ta zagaye a cikinsu. Ƙaramin yanki kaman Samaru zuwa Palladan za ta iya, gari guda kuwa kana iya barin laftof ta kwana tana aiki, a ɗauke wuta batir ya mutu ba ka ga ƙarshe ba. Shawarata ka yi amfani da ita a matsayin ma'auni, ka yanki sel goma ko sha biyar ka samo amsar gaskiya, sannan ka nuna dabararka ta kai nan ko ta kusa.

SA, ta Kirkpatrick da abokan aikinshi ce ta 1983, daga yadda ake barin ƙarfe mai zafi ya huce a hankali aka ɗauko ta. Kana da tsari ɗaya a hannu, ka ɗauki rediyo ɗaya da ka ka canza mishi tasha, in katsalandan ya ragu ka karɓa, in ya ƙaru ma kana iya karɓa gwargwadon zafin da ake ciki, da farko zafi da yawa ana karɓar kusan komai, a hankali ana rage shi har ya zama sai gyara kawai ake karɓa. Wannan yarda da komawa baya shi ne yake fitar da ita daga ramin da DSATUR take maƙalewa. Rubuta ta ba wuya, shafi ɗaya ya isa, kuma a matsalar rage katsalandan tana da suna mai kyau tun zamanin tsara GSM. Inda take cin rai shi ne saitin hucewa, ka rage zafi da sauri ta daskare a wuri mara kyau, ka rage a hankali ta cinye maka yini. In kai mai haƙuri ne kuma ba ka son dogon kod, ɗauki SA ba za ka yi nadama ba.

Tabu, Fred Glover ya sa mata suna a 1986, shekara ɗaya bayan nan Hertz da de Werra suka ɗora ta a kan shafa launin giraf, kuma ita nake zaɓa. Ba ta zaɓen canji da ka kaman SA. A kowane taku tana duba canje-canjen da za a iya yi, a misalinmu 180 sau 23 wato 4140, ko ma ta taƙaita a kan rediyoyin da ke cikin rikici kawai, ta ɗauki mafi kyau ko da ya fi na yanzu muni, sannan ta rubuta cewa rediyo kaza ba zai koma tashar da ya baro ba sai bayan taku kaza. Wannan ɗan littafin haramcin shi ke hana ta yawo a wuri ɗaya. In kuma canjin da aka haramta zai ba da sakamakon da ba a taɓa samu ba sai a ɗage mishi. Sirrin saurinta, kuma nan ne ɗalibai suke faɗuwa, kar ka sake lissafa katsalandan na netwok gaba ɗaya a kowane taku, ka ajiye tebur na rediyo da tasha, in ka motsa rediyo ɗaya layukan maƙwabtanshi kawai za ka gyara. Da wannan teburin taku dubbai ba komai ba ne, ba shi kuwa za ka ce tabu ba ta da sauri alhali kod ɗinka ne. Abin saiti a cikinta kusan ɗaya ne, tsawon haramci, kuma in malami ya tambaye ka me ya sa rediyo kaza ya koma tasha kaza kana da amsa.

Sai GA ɗin da kowa ke so, wadda asalinta aikin John Holland ne na 1975. Tara tsare-tsare da yawa, zaɓi masu kyau, haɗa biyu su haifi na uku, ɗan taɓa shi kaɗan, a maimaita. Ba wai ba ta aiki ba ne, amma a wannan matsalar tana da ciwo na musamman. Tsari biyu za su iya zama masu kyau dukkansu alhali lambobin tasharsu ba su da alaƙa, abin da wannan ya ba tasha 3 wancan ya ba shi 17, to in ka yanko rabin wannan ka manna da rabin wancan yaron da za a haifa a bakin ɗinkin duk rikici ne, ya fi iyayen muni. Sai ka ga ana ta ƙara yawan jama'a da yawan zuriya ana jira. GA da suka yi fice a shafa launi, kaman ta Galinier da Hao ta 1999, sun canza yadda ake haɗin ne ya zama rukunin ɗigo masu launi ɗaya ake gada, kuma kowane yaro sai an wuce da shi ta tabu an goge shi. Ka ga kenan ko GA ɗin kake so sai ka fara rubuta tabu. In mastas kake yi kuma kana da lokaci, wannan haɗin abu ne mai kyau, in furojet ɗin digiri ne na wata huɗu ka tsaya a tabu.

Su PSO, mai kwaikwayon garken tsuntsaye, da ACO, mai kwaikwayon tururuwa, ba zan daɗe a kansu ba. PSO an gina ta ne don lambobi masu gudana, tasha kuwa ba haka take ba, tasha 10 ba rabin tasha 20 ba ce, sai an yi ta lanƙwasa dabarar kafin ta zauna. ACO ta fi dacewa tunda gina tsari take taku-taku, amma tana da abin saiti da yawa. Sauran masu sunan dabbobi kuwa, kyarkeci ne, jemage ne, kifi ne, kullum da sabo, ka yi hattara, sau tari tsohuwar dabara ce aka canza mata riga, kuma mai jarrabawa da ya san aikinshi zai tambaye ka wane abu take yi da SA ba ta yi.

Koyon na'ura ta hanyar lada da horo, RL, gidanta DCA ne ba FCA ba. Tun 1996 Singh da Bertsekas suka gwada ta a rabon tasha mai canzawa ta rage kiran da ake hanawa fiye da dabarun da suka gwada ta da su. Amma sai kana da simuleta mai kyau, kuma abin da ta koya a zirga-zirgar ƙarya shi ta sani.

Duk wannan fa, abin da ya fi zaɓen dabara nauyi shi ne teburin katsalandan da ka ba ta. In ka ce duk sel biyu da ke ƙasa da kilomita kaza suna damun juna ba ka duba inda eriya ta fuskanta da tsawonta da yadda aka sunkuyar da ita ba, to ko wace dabara ce za ta ba ka tsari mai kyau na garin da babu shi. Kamfanoni da manhaja irin Atoll suke hasashe, su haɗa da rahoton awo da wayoyin mutane suke turawa da kuma zagayen gwaji da mota. Kai ɗalibi da wuya a ba ka wannan, amma kana iya ɗaukar wuraren ƙarafa da GPS ɗin wayarka, ka sa lissafin Okumura-Hata mai hasashen yadda sigina take raguwa da nisa, ka faɗi a fili cewa hasashe ne. Kuma SA da tabu da GA duk akwai sa'a a ciki, gudu ɗaya ba sakamako ba ne, ka gudu kaman sau 30 da iri, wato random seed, daban-daban ka kawo matsakaici da mafi kyau da mafi muni, ka kuma ba kowace dabara lokaci iri ɗaya a kwamfuta ɗaya, ba ka ba taka awa guda ka ba ta abokin gwaji minti biyu ba.

Wani zai ce ai GSM ta tsufa. Har yanzu 2G tana ɗauke da kiran mutane da yawa a ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma duk sanda kamfani ya yanki wani ɓangare na 1800 ya ba 4G sai an sake rabon abin da ya rage, wanda ya fi na da matsi. Amma gaskiya ne a LTE, wato 4G, labarin ya canza, kowace sel da duk faɗin take aiki, 20 MHz an yanka shi gida 100 masu 180 kHz, kuma duk milisakan ɗaya ake sake rabo, a nan ba GA ba tabu, dabaru masu sauƙi ne irin rabon daidai-wa-daida, sai kuma a ware wa 'yan bakin iyakar sel wani yanki don kar maƙwabta su haɗu a kai. Inda shafa launi ya dawo da ƙarfinshi shi ne rabon lambar shaidar sel, PCI, guda 504 ne a LTE, 1008 a 5G. Maƙwabta biyu kar su ɗauki lamba ɗaya, sel ɗaya kar ta samu maƙwabta biyu masu lamba ɗaya don waya za ta rasa wacce za a miƙa ta, sannan a LTE ana gudun sel masu fuskantar juna su zo da ragowa ɗaya in an raba lambarsu da 3. Wannan sharaɗin na ƙarshe launi uku ne kacal a giraf mai cunkoso, ba yadda za a yi kowa ya tsira, sai dai a rage ɓarna, wato matsalar rage katsalandan ce ta dawo sak. Kod ɗin DSATUR da tabu da ka rubuta don GSM, teburin maƙwabta da lissafin ɓarna kawai za ka canza ya hau kan PCI, kuma in malaminka ya ce yana son abu na zamani sai ka kai mishi wannan a babi na huɗu.